Hoton Afirka a kafafen yaɗa labaran duniya da tasirinsa kan tafiye-tafiye

A watan Agustan 2014 kamfanin jiragen sama na Korean Air ya dakatar da zirga-zirga zuwa Nairobi, babban birnin Kenya, saboda fargabar cutar Ebola. A lokacin ba a samu ko mutum ɗaya mai cutar a Kenya ba. Annobar tana can Gini da Laberiya da Saliyo, kuma tsakanin Freetown da Nairobi akwai tazarar sama da kilomita 5,500, wato biranen Madrid da Paris da Landan duk sun fi Nairobi kusa da inda cutar take. Duk da haka otal-otal a Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu ne suka rasa baƙi. Wani binciken da shafin SafariBookings ya yi a kan kamfanoni kimanin 500 masu kai baƙi kallon namun daji ya nuna da yawansu cinikinsu ya faɗi da kashi 20 zuwa 70 cikin 100.

Wannan lamari shi ne misalin da aka fi kafa hujja da shi idan ana maganar yadda labaran ƙetare ke sauya yadda ake kallon ƙasashen Afirka. Galibin abin da aka ruwaito game da Ebola gaskiya ne, domin cutar ta kama sama da mutum 28,600, ta kuma kashe sama da 11,300. Matsalar ta taso ne daga sunan da aka laƙaba wa labarin. Mai kallon talabijin a Seoul ko Chicago "Afirka" yake ji, alhali nahiya ce mai ƙasashe 54 da faɗin murabba'in kilomita miliyan 30.

Yadda ake zaɓen labari

Tun a 1965 wasu masana biyu 'yan ƙasar Norway, Johan Galtung da Mari Holmboe Ruge, suka yi nazarin yadda jaridun ƙasarsu suka kawo rahotannin rikicin Kongo da Cuba da Cyprus. Sun gano cewa idan ƙasa tana da nisa, kuma ba ta cikin manyan ƙasashen duniya, da wuya labarinta ya shiga jarida sai ya kasance mummuna, ya faru farat ɗaya, kuma yana da sauƙin bayani. Juyin mulki ya cika waɗannan sharuɗɗa. Raguwar mace-macen ƙananan yara cikin shekara 20 bai cika ba, domin babu wata rana guda da za a ce ya faru.

A kan wannan kuma sai a ƙara maganar kuɗi. Ajiye wakili a wata ƙasa yana da tsada, shi ya sa manyan kafafe kan zaunar da mutum ɗaya ko biyu a Nairobi ko Johannesburg ko Dakar ko Legas, su ɗora musu alhakin ƙasashe goma ko fiye. Irin wannan wakili ba zai hau jirgi zuwa Bangui ko N'Djamena ba sai abu ya ɓaci. Ya isa, ya yi kwana uku, ya aika rahoto, sannan wani edita da ke Landan ko Atlanta, wanda mai yiwuwa bai taɓa taka nahiyar ba, shi zai rubuta kanun labarin ya kuma zaɓi hoton da za a ɗora. Mafi yawan ƙorafin da 'yan Afirka ke yi, idan aka bi diddigi, a kan kanun labari da hoto yake tsayawa, ba a kan rahoton wakilin ba.

Hotunan da suka zauna

Hoton yaro mai kumburarren ciki ya fara mamaye jaridun Turai ne a 1968, lokacin yaƙin basasar Najeriya. Amma wanda ya fi daɗewa a zukatan mutane shi ne na Habasha. A ranar 23 ga Oktoban 1984 BBC ta watsa rahoton Michael Buerk daga garin Korem, da hotunan da Mohamed Amin, ɗan Kenya, ya ɗauka. Rahoton ya girgiza duniya, ya haifar da waƙar neman taimako ta Band Aid da kuma gagarumin bikin Live Aid na ranar 13 ga Yulin 1985, aka tara kuɗi masu yawa, aka ceci rayuka. Babu mai hankalin da zai ce da ba a watsa shi ba. Sai dai an gabatar da yunwar tamkar fari ne kawai ya haddasa ta, alhali yaƙi da manufofin gwamnatin Mengistu Haile Mariam suna da babban hannu a ciki. Labarin ya koma na Turawa masu tausayi da baƙaƙe masu jiran a ba su.

Shekara 40 bayan haka, ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Guangzhou ya san Addis Ababa a matsayin wurin sauya jirgi, ya kuma san kamfanin Ethiopian Airlines shi ne mafi girma a nahiyar. Amma ga mutane da yawa a Ingila, Habasha har gobe ƙasar yunwa ce. Wannan ne ya sa mawaƙi Fuse ODG, ɗan Ingila mai asali daga Ghana, ya ƙi shiga sabon salon waƙar a 2014, sannan a 2024 Ed Sheeran ya ce da an nemi izininsa da bai yarda a sake amfani da muryarsa ba.

Mujallar The Economist ma ta bar nata tarihin. A watan Mayun 2000 ta buga bango da hoton matashi riƙe da makami a cikin taswirar Afirka, ta kira ta nahiyar da aka yanke wa ƙauna, a daidai lokacin yaƙin Saliyo. A Disambar 2011 kuma ta juya, ta buga bango mai shelar cewa Afirka na tasowa. Na biyun ya fi daɗin ji, amma cutarsu ɗaya: dukansu sun ɗauki Botswana da Somaliya da Mauritius da Kongo suka zuba a kwando ɗaya.

Cuta da iyakoki

Labarin cuta ya fi kowane saurin rufe ƙofa. A lokacin Ebola, mujallar Newsweek ta fito da hoton biri a bangonta, tana gargaɗin cewa naman dajin da ake shiga da shi Amurka a ɓoye zai iya kai cutar can, abin da masana da dama suka ce ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja. Wata kwaleji a jihar Texas ta aika wa ɗalibai 'yan Najeriya wasiƙar ƙin karɓa saboda Ebola. Maroko ta nemi a ɗage Gasar Cin Kofin Afirka ta 2015, daga ƙarshe aka mayar da gasar Equatorial Guinea.

Abin da Najeriya ta yi a wannan shekara bai samu rabin wannan yayatawa ba. Patrick Sawyer ya sauka Legas da cutar ranar 20 ga Yulin 2014, Dokta Stella Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ta kamu, ta rasu. Mutum 20 suka kamu a ƙasar, takwas suka mutu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da cutar. Ya kamata a tuna cewa Saudiyya ta bambance: ta hana maniyyatan Gini da Laberiya da Saliyo, ta bar na Najeriya suka sauke farali bayan gwaji. Ashe dai bambancewar mai yiwuwa ce ga wanda yake so.

An maimaita darasin a Nuwambar 2021. Masana kimiyya a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in korona da aka raɗa wa suna Omicron, suka sanar da duniya cikin gaggawa kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Cikin kwana biyu Birtaniya da Amurka da Tarayyar Turai suka rufe wa ƙasashen kudancin Afirka ƙofa. Daga baya hukumomin Holan suka tabbatar cewa nau'in yana cikin samfurin da aka ɗauka a ƙasarsu tun kafin sanarwar Afirka ta Kudu. Ranar 6 ga Disamba Birtaniya ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta yi wa jan layi, jerin da duk ƙasashe 11 da ke cikinsa na Afirka ne. Wanda yake da izinin zama a can, idan ya dawo, sai ya biya fam 2,285 na killacewa a otal. Jakadan Najeriya a Landan, Sarafa Tunji Isola, ya kira matakin wariyar launin fata a harkar tafiya. Ranar 15 ga wata aka soke jerin, bayan an riga an wargaza wa dubban iyalai shirin tafiyar ƙarshen shekara.

Ko da ƙyandar biri ta ɓarke a Turai da Amurka a Mayun 2022, jaridu da yawa hotunan fatar baƙaƙe suka riƙa ɗorawa a kan labarin marasa lafiyar Landan da Lisbon, har sai da ƙungiyar 'yan jaridar ƙetare da ke aiki a Afirka ta fito ta yi tir.

Gargaɗin tafiye-tafiye

Tsakanin labarin talabijin da aljihun ɗan kasuwa akwai wata takarda da ba kowa ya damu da ita ba, wato gargaɗin da ma'aikatun harkokin waje ke fitar wa 'yan ƙasarsu. Tun Janairun 2018 Amurka ke amfani da mataki huɗu, daga na ɗaya mai cewa a yi taka-tsantsan kamar kullum zuwa na huɗu mai cewa kada a je. Birtaniya da Faransa kuma taswira suke zanawa da launuka, ja shi ne mafi muni.

Nauyin wannan takarda yana wajen inshora. Da zarar an shafa wa yanki ja, yawancin kamfanonin inshora ba sa ɗaukar nauyin wanda ya je, kamfanoni da jami'o'i da ƙungiyoyi kuma ba sa barin ma'aikatansu su je. A 'yan shekarun nan Najeriya tana mataki na uku a jerin Amurka, amma jihohi irin su Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da Kaduna da Kano suna na huɗu. Ma'anar wannan ga mai sayar da riɗi ko zoɓo a Dawanau ita ce, mai saye daga ƙetare ba zai zo ya ga kaya da idonsa ba. Zai tsaya Legas, ko ya wakilta dillali, kuma ladan dillalin daga ribar mai kaya yake fita.

A Mayun 2014 Birtaniya ta gargaɗi 'yan ƙasarta kan yankin Mombasa, kamfanonin yawon buɗe ido suka kwashe ɗaruruwan baƙi, otal-otal na bakin teku suka sallami ma'aikata. Mazauna Abuja sun ga irin wannan a Oktoban 2022, lokacin da ofishin jakadancin Amurka ya yi gargaɗin yiwuwar harin ta'addanci, ya kuma umarci iyalan ma'aikatansa su bar birnin. Katafaren kantin Jabi Lake Mall ya rufe, wasu makarantu suka sallami yara, Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce an tayar da hankalin jama'a a banza. Amma wata uku kacal kafin nan aka fasa gidan yarin Kuje, a gefen Abuja, don haka ba za a ce gargaɗin daga sama ya faɗo ba.

A nan ne ya kamata a yi adalci. Agadez ta rasa baƙinta na Turai ne bayan tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010. An soke tseren motoci na Dakar a 2008 bayan kashe Faransawa masu yawon buɗe ido a Mauritaniya. Bikin kamun kifi na Argungu ya tsaya bayan 2009, bai dawo ba sai Maris 2020. Babu ɗan jaridar Bature da ya ƙirƙiro garkuwa da mutane a hanyar Abuja zuwa Kaduna. Abin da ake ƙorafi a kai shi ne ma'auni biyu. An kashe mutum 130 a Paris a Nuwambar 2015, labarin da ya biyo baya na juriyar birnin ne da kiran a ci gaba da zuwa. Kenya kuwa, gab da ziyarar Shugaba Barack Obama a Yulin 2015, CNN ta kira ta matattarar ta'addanci. 'Yan Kenya suka yi wa tashar ca a Twitter, har sai da wani babban jami'inta, Tony Maddox, ya je Nairobi ya ba Shugaba Uhuru Kenyatta haƙuri. A Janairun 2019 kuma jaridar New York Times ta buga hoton gawarwakin waɗanda aka kashe a harin otal ɗin DusitD2, aka tambaye ta ko za ta yi haka da gawar Ba'amurke a New York.

Najeriya ma takan rama jefi-jefi. A Agustan 2024, lokacin tarzomar masu ƙin baƙi a biranen Ingila, Ma'aikatar Harkokin Waje ta gargaɗi 'yan Najeriya masu shirin zuwa can. Ba a ji wani otal a Landan ya rufe saboda haka ba.

Abin da ake asara

Alƙaluman hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa daga cikin baƙi kimanin biliyan 1.4 da suka ƙetara iyakoki a 2024, miliyan 74 ne suka zo Afirka, kimanin kashi 5 cikin 100. Faransa ita kaɗai ta karɓi wajen miliyan 100. Daga kason Afirka kuma Maroko ta kwashi miliyan 17.4. Tsadar tikiti da ƙarancin jirage tsakanin ƙasashen nahiyar da wahalar biza duk suna cikin dalilai, ba labari kaɗai ba.

A Oktoban 2024 ƙungiyar Africa No Filter da kamfanin Africa Practice suka fitar da rahoton da ya kwatanta yadda ake ruwaito zaɓe a Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Masar da yadda ake ruwaito na ƙasashe irin su Malesiya da Thailand. Sun ƙiyasta cewa mummunan hoton yana jawo wa nahiyar ƙarin kuɗin ruwa a kan bashi da zai iya kai dala biliyan 4.2 a shekara. Ƙiyasi ne, kuma raba tasirin jarida da tasirin rashin iya riƙon tattalin arziki aiki ne mai wuya, saboda haka bai kamata a riƙe adadin kamar aya ba. Hanyar da ya nuna dai sananniya ce: mai ba da bashi yana karanta jarida, kuma tsoro yana da farashi.

Ma'aikacin gwamnati mai zuwa taro ko ɗan kasuwa mai zuwa baje koli ya fi jin abin a layin biza. Kuɗin bizar Schengen ya tashi daga Yuro 80 zuwa 90 a Yunin 2024, kuma ba a mayarwa idan an hana. A shekarar an ƙi kusan kashi 46 cikin 100 na buƙatun da aka shigar daga Najeriya. Babu ofishin jakadancin da zai rubuta cewa talabijin ce ta sa. Dalilin da aka saba bayarwa shi ne shakkar ko mai nema zai koma gida. Amma shakka ba ta tsirowa haka nan, kuma wanda kullum jiragen ruwan 'yan ci-rani a Bahar Rum yake gani, da wuya ya kalli fasfo ɗin Najeriya da farin ido.

Yadda muke kallon juna

Ɓangaren da ba a cika tattaunawa ba shi ne cewa 'yan Afirka ma ta wannan tagar suke leƙen juna. Bahaushe ya fi kowa sanin haka. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na RFI a 2007, kuma tsararraki sun tashi suna jin labarin Sudan da Kongo da Ruwanda daga Landan da Bonn da Washington. Waɗannan tashoshi sun yi wa masu sauraro aikin da gidajen rediyon gwamnati suka kasa, musamman zamanin mulkin soja, kuma ma'aikatansu 'ya'yanmu ne. Amma jerin abin da ya isa a kira labari ba a Kano ko Zinder ake tsara shi ba.

Wani binciken Africa No Filter na 2021 ya gano cewa kashi ɗaya cikin uku na labaran Afirka da kafafen Afirka ke bugawa daga kamfanonin ƙetare suke ɗauko su, kuma kashi 63 cikin 100 na kafafen da aka duba ba su da wakili a wata ƙasar Afirka. Sakamakon haka, ɗan kasuwar da ya san Dubai da Guangzhou kamar tafin hannunsa zai yi jinkirin gwada Kigali ko Lusaka, domin abin da ya sani game da Ruwanda bai wuce 1994 ba. Haka ɗan Afirka ta Kudu bai san ɗan Najeriya ba sai ta labarin ƙwaya da damfara. Fim ɗin District 9 na 2009 ya nuna 'yan Najeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman mutane, har Ministar Yaɗa Labarai, Farfesa Dora Akunyili, ta nemi gidajen sinima su daina nuna shi.

Ƙoƙarin gyara

Kukan ba sabo ba ne. A ƙarƙashin shugabancin Amadou-Mahtar M'Bow ɗan Senegal, hukumar UNESCO ta kafa kwamitin Seán MacBride, wanda rahotonsa na 1980 ya ce labarai suna kwarara ne ta fuska ɗaya, daga ƙasashe masu arziki zuwa matalauta. Amurka ta fice daga hukumar a 1984, Birtaniya ta bi ta a 1985, suna zargin ana neman bai wa gwamnatoci damar taka 'yan jarida. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, domin da yawa daga shugabannin da suka fi ɗaga murya a lokacin su ne masu ɗaure editoci a gida. Kamfanin dillancin labarai na Afirka, PANA, ya fara aiki a Dakar a 1983, amma rashin biyan kuɗin ƙasashe mambobi ya hana shi zama abin da aka yi fata.

Wasu ƙasashe sun zaɓi sayen suna da kuɗi. Ruwanda ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Arsenal a 2018 aka rubuta gayyatar ziyartar ƙasar a hannun rigar 'yan wasa, ta ƙara da Paris Saint-Germain a 2019. Baƙi sun ƙaru, amma tallar ba ta hana a tambayi Kigali game da 'yan tawayen M23 a gabashin Kongo ba. Ghana ta bi wata hanya a 2019 da shirin Shekarar Komawa Gida, wanda ya gayyaci baƙaƙen Amurka da Caribbean cika shekara 400 da kai bayi Virginia, ya kuma mayar da Accra wurin shaƙatawar Disamba. Najeriya ta gwada taken mutanen kirki, ƙasa mai girma a 2009, amma a ƙarshen wannan shekara aka kama Umar Farouk Abdulmutallab a jirgin Detroit, taken ya bi ruwa. Abin da ya fi sauya sunan ƙasar a waje tun daga lokacin mawaƙa ne da finafinai da marubuta, waɗanda ba gwamnati ta aike su ba.

Wasu gwamnatocin kuma rufe baki suka zaɓa. Nijar ta dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Irin wannan mataki ba ya sauya abin da mai kallo a Paris yake gani, mai sauraro a Maradi kawai yake ragewa hanyar jin labari.

Akwai kuma ƙofar da makullinta ke hannun ƙasashen Afirka. Ruwanda da Benin da Gambiya da Seychelles sun cire wa duk 'yan Afirka biza, Ghana ma ta sanar da bin sahu a farkon 2025. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2018 kan 'yancin zirga-zirga tana buƙatar amincewar majalisun ƙasashe 15 kafin ta fara aiki, amma shekaru bayan sa hannu ƙasashe huɗu ne kacal suka tabbatar da ita: Mali da Nijar da Ruwanda da São Tomé. Najeriya ba ta cikinsu.